Kwamfutar da Ka Sayar Tana Zaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka, Modu mai rubutu, a Madabo, zuwa ga ɗana Bashir. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya tsare ka a inda kake kwana, Ya tsare ka a hanyar da ka ɗaura niyyar bi. Mu nan lafiya lau, in ban da Innarku da ba ta ci abin kirki ba tun ranar da ka fita.

Bayan haka, ka sani raina a ɓace yake, ban kuma ɗauki alƙalami don in lallashe ka ba. Tun ranar Juma'ar da muka yi sa-in-sa a zaure ka kwashi kayanka ka koma ɗakin abokinka a Ƙofar Ruwa, kamar wanda aka kora. Ba wanda ya kore ka. Innarku ta ce min motar Ikko za ka shiga ran Asabar. To, da in aika a kira ka mu sake ɗaga murya maƙwabta suna ji, gara in rubuta. A takarda dai ba ka da damar katse ni, ba kuma za ka ce min "Baba, kai ba za ka gane ba" ka kaɗe riga ka fita. Da ajami na rubuta. Ka zauna ka karanta, ni na koya maka, na san ka iya.

Wai ba zan gane ba. Bari in maimaita maka abin da ka faɗa, ka ga ko na gane ko ban gane ba. Ka ce yanzu da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, ƙasashen waje sun saki jiki da mu, har wani kamfani ya buɗe a Ikko. Turawa can ƙasarsu suna da takardu jibgi, rubutun hannu, na asibiti da na ofis. Sai su ɗauki hotonsu su turo ta waya, ku kuma ku zauna a jere gaban kwamfuta ku buga, a mayar musu kafin gari ya waye a wurinsu. Ka ce ɗakin da sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, albashi duk wata. Na tambaye ka, su ba su da 'ya'ya ne da za su buga musu? Ka yi dariya ka ce ai can hannu tsada gare shi, namu ya fi araha, shi ya sa aikin ya taso ya zo ya same mu. Kana faɗa kana murmushi kamar an naɗa ka sarauta.

Yaushe araha ta zama abin alfahari, Bashir? Aikin nan da ya zo, daga hannun wani aka fizgo shi. Akwai wani magidanci ko wata mata a can da ta shekara da shekaru tana buga takardun nan, ran nan aka ce ta tattara ta tafi gida. Ban san sunanta ba, ban san yarenta ba, amma na san yadda ta koma ta kalli 'ya'yanta, don ni ma an yi min. Kuma abin da ya ɗauko aikin daga wurinta bai mutu ba. Yana nan idonsa biyu, yana duba inda aka fi ku araha.

Duk wannan da na haɗiye. Namiji ne kai, tafiya neman halak ba laifi ba ce. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne wanda na ji a bakin Malam Inuwa, maigidanka a wurin aiki, ba ma a bakinka ba. Wai ka sayar da kwamfutarka don ka haɗa kuɗin mota da na haya. Wadda ka haɗa da hannunka, gutsure-gutsure daga kayan gwanjo, ka hana kanka sabuwar riga har sallah biyu saboda ita. Kuma duk faɗin Kano ka rasa wanda za ka kai wa sai Nasiru ɗan marigayi Alhaji Sule mai littattafai na kasuwar Kurmi. Ba ka san abin da ke tsakanina da gidan nan ba, don ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Yau za ka ji.

Kai ka buɗe ido ka gan ni ina biya wa yara karatu, ina rubuta 'yan addu'o'in da ake maƙalawa a bango, sai ka ɗauka iyakar abin ke nan. Lokacin da nake ganiyata, littattafan da ake karantawa a zaurukan birnin nan, na fiƙihu da na lugga da waƙoƙin wa'azi na ajami, hannun mutane irina ne. Ɗan kasuwa zai kawo littafi ya ce a kwafa. In fiƙe alƙalami, in dama tawada, in ja layi, in rubuta baƙi, in dawo in sa wasali da ja, in bar fili tsakanin layuka inda ɗalibi zai rataya fassarar malaminsa. Littafi ɗaya sai ya ci wata da watanni. In na gama a kai maɗaba'a nan cikin gari, su ɗauki hotonsa su buga, sannan a dawo min da asalin, wanda muke kira uwa. Haka al'adar take, uwar littafi tana wurin mai hannu. In bugu ya ƙare a kasuwa, ɗan kasuwa ya sake sallama a zaurena, in ba shi aron uwar, ya tura abin da ya tura ƙarƙashin buzu. Da wannan na yi aure, da shi na gina ɗakin da aka haife ka a ciki.

Akwai kuma wata al'adar. Mu ba ma yanka wa rubutu farashi. Ilimi ne, da sunan Allah a ciki, ba tumatir ba. In an ce "Malam, nawa?" sai ka sunkuyar da kai ka ce abin da ya sawwaƙa. Haka na ga mahaifina yana yi, shi ma haka ya ga nasa tun a Barno. Kuma abin yana tafiya daidai, muddin mai saye ya san gobe dole ya dawo ya kalli idonka.

Shekarar da soja suka sauka karon farko aka yi zaɓe, kana rarrafe, kuɗi ya shigo gari, kowane ɗan kasuwa ya zama mai fasfo. Alhaji Sule ya yi sallama a zauren nan da la'asar, da riga a naɗe a takarda, shadda mai aiki, da hula da goro. Ya ce, "Malam Modu, hannun nan naka ya wuce a riƙa buga shi a takardar da ke shan tawada kamar tsumma. Bairut zan kai shi. Ka ba ni iyayen duka." Sannan ya ce, "Me za a ba Malam?" Cikina cike da tambayoyi. Yaushe za a dawo da su? In an sake bugu fa? Ban furta ko ɗaya ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Alhaji, abin da ya sawwaƙa." Na ɗebo su da hannuna daga adaka, na shirya masa a gafaka, har na raka shi bakin lungu ina godiya.

Da akwatunan littattafan suka iso daga Bairut, ka san abin da ubanka ya yi? Murna. Takarda fara ƙal, bango mai sheƙi, ga hannuna zaune daram a ciki. Na saka rigar nan na zaga Madabo har Mandawari ina nuna wa mutane, ku ga hannuna ya haye teku. Murmushin da na gani a fuskarka ran Juma'a nawa ne, na gane shi, shi ya sa na ji kamar in kwaɗa maka mari. Sai da na koma gida na buɗe shafin ƙarshe, inda mai rubutu kan sa sunansa da na ubansa ya roƙi mai karatu addu'a. Sun yanke shi. Sun sa sunan shago a wurin.

Iyayen ba su dawo ba. Alhaji bai sake sallama ba, me zai zo yi? Hannuna yana can yana masa aiki, ba ya cin tuwo, ba ya ciwon baya. Sauran 'yan kasuwa suka ga haka suka bi sahu. Ni kuwa in mun haɗu a ɗaurin aure in gaishe shi, ya gaishe ni, in dawo gida in huce a kan Innarku da ba ta ci ba ba ta sha ba. Kunya ta hana ni tambaya, zuciya kuma ta hana ni mantawa. Na cire rigar na ninke na jefa a adaka, na kuma daina bin layin rumfarsa.

Don haka ka buɗe kunnenka. Ranar da ka shiga ofishin nan na Ikko, kafin ka zauna a kujerarsu, ka buɗe baki. Kwangilar da suka samu daga Turawan ta tsawon yaushe ce? In ta ƙare ku ina za ku? Me za su koya maka ban da bugu? Wa yake gyara injinan in sun lalace, kuma za a bar ka ka tsaya kusa da shi? In manaja ya ɓata rai don ka tambaya, to ya ba ka amsa ke nan. Kunyar da muka koya maka ta gida ce, ta gaban malamai da surukai. Kada ka ɗauke ta ka kai wa wanda bai san sunan unguwarku ba, wanda ko mutuwa ka yi ba zai zo gaisuwa ba.

Wautata ta biyu ta fi ta farko, don ita da idona biyu na yi ta. Malam Inuwan nan da ka sani da furfura da shagon kwamfutoci, tare muka yi karatu, tabarma ɗaya. Kuma wallahi hannunsa bai kai nawa ba, ya sani, na sani. Da abin ya fara kamari ya zo ya same ni ya ce, "Modu, kiɗa ya canza. Na fara zuwa maɗaba'a ina koyon aikinsu. Suna neman wanda ya san Larabci ya riƙa duba musu. Taso mu je." Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Jikan malamai ne zai koma bakanike? Je ka shafa baƙin mai, ni alƙalami na gada." Bai yi musu ba. Ya ce, "Allah Ya ba mu alheri," ya sa takalminsa.

Ga abin da na jingina da shi. Na ce mutanenmu ba sa iya karanta rubutun gabas mai siraran baƙaƙe. Yaron da ya tashi da allo, hannunmu kaɗai idonsa ya sani. Na ce su buga tsofaffin su gaji, duk ranar da aka so sabon littafi dole a dawo zaurena, don Balarabe bai iya hannun Barno ba. Na shekara da shekaru ina faɗar haka, duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji. Ina nan zaune ina jira aka buɗe makarantun Islamiyya lungu-lungu, yara suka tashi da baƙin inji a idonsu. Ba wanda ya zo ya sanar da ni. 'Yan kasuwa suka daina neman mai hannu ɗungurungum, sai su aika littafi Masar a tsara shi a inji, da Masar ta yi musu tsada wasu suka koma Indiya. Ka ji ko? Su ma na Bairut da suka karɓe daga hannuna, an karɓe daga nasu.

Na taɓa sayen wata waƙar ajami da aka tsara a can Indiya. Wanda ya buga ta bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, kurakurai kamar tsakuwa a shinkafa. Na ɗauka na bi rumfuna ina nunawa, ina huci, ina cewa ku dubi ɓarna. Wani mai shago ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "Gaskiya ne Malam, amma ita ake saye." Na dawo gida ban ci abinci ba. Duk da haka ban je wurin Inuwa ba. Shi yana can, daga maɗaba'a ya koma tafireta, daga tafireta ya koma kwamfuta, duk abin da ya fito sai ya je ya tsuguna gaban yaron da ya haifa ya ce koya min. Kai kanka ba ni na kai ka wurinsa ba. Innarku ce ta kama hannunka ta kai ka a bayan idona, na kuwa yi kwanaki ba na amsa gaisuwarta. Ita ce mai hankalin gidan nan, ka faɗa mata na ce, don ni bakina ba zai iya ba.

Kai ma na ji kana cika baki wai hannunka da sauri, ka fi kowa a shagon. Sauri me? Ni kyau nake taƙama da shi, ga inda ya ajiye ni. Duniya cike take da yara masu yatsu goma da yunwa a ciki, wasu za su buga abin da kake bugawa a kan rabin tuwonka su yi godiya. Duk aikin da za a iya turo maka ta waya, za a iya tura wa wani ta wayar nan. Duk aikin da mai shi bai damu ya ga fuskarka ba, ba naka ba ne, aro aka ba ka, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In ka je, kada ka zama yatsu kawai. Ka leƙa bayan injin, ka san yadda wayoyin suke haɗuwa, ka san yadda takardun suke zuwa da yadda suke komawa. Ka kula da abin da manaja ya iya wanda kai ba ka iya ba, ka nemi wanda zai koya maka ko da yaro ne, ko da ba yarenku ɗaya ba. Tun kana da aikin za ka yi wannan, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma dubi abin da kake shurewa. Matan nan masu rubuta littattafan labari, da suke aiko da littafin makaranta cike da rubutu, me ya sa suke cewa sai Bashir? Don kai ne kake aika musu cewa Hajiya, a tsakiya kin kashe mutumin nan, ga shi kuma a ƙarshe ya dawo yana cin tuwo. Liman ya kawo huɗuba, ka durƙusa gabansa ka tambaye shi inda rubutun bai fito ba. Injin wani ya mutu a Mandawari, ka ɗauki jakarka ka je ka buɗe cikinsa. Wannan wa zai tura shi Indiya? Mutanen nan sun san ubanka, sun san ƙofar gidanku, in ka yi musu ba daidai ba sun san inda za su kawo ƙara, shi ya sa suka yarda da kai. Malam Inuwa ya ce min saura ƙiris ka gama koyon gyara. Shi ne za ka saki reshe ka kama ganye.

Na san ba ya kawo abin da Ikko ta yi maka alkawari. Na san akan ɗauke wuta ka wuni kana kallon bango. Na san kana son aure, kana jin nauyin sa'o'inka da suka riga ka. Ban ce ka zauna ba. Kakana da ƙafa ya taso daga Barno. A hanya ya sayar da akuyarsa, ya sayar da rigarsa ta biyu, amma bai sayar da alƙalami da kurtun tawada ba, don ya san duk garin da ya sauka su ne za su ci da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kai kuwa gatarin ka fara sayarwa, don ka je ka yi sara da na wasu.

Yanzu ka ji abin da ka ja min. Jiya da hantsi na buɗe adaka na ɗauko rigar nan, tana nan da ninkinta, sai warin ajiya. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi Kurmi, na shiga layin da na shekara ashirin da ɗoriya ina kauce wa. Nasiru yana hango ni ya taso ya durƙusa.

Ya ce, "Baba Malam, yau kai ne a rumfarmu? Sannu da zuwa. A kawo ruwa."

Na ce, "Ba ruwa ya kawo ni ba. Kwamfutar yaron nan na zo karɓa."

Ya ce, "Ai Baba, ciniki ya faɗa, har na biya shi. Shi ya kawo da ƙafarsa."

Na miƙa hannu kan kantar rumfar na zaro littafi ɗaya. Har yau suna buga su, don tsofaffi ba su ƙare ba. Na ce, "Hannun wa ne wannan?"

Ya ce, "Naka ne, Baba, kowa ya sani."

Na ce, "Buɗe ƙarshe ka nuna min sunana."

Na sauke rigar na ajiye a gabansa na ce, "Ga abin da aka ba ni. Ban taɓa yanka wa rubutuna farashi ba, yau zan yanka. Kwamfutar nan nake so, da duk wayoyinta." Muryata ta yi sama, masu rumfuna sun fara leƙowa, ni da ban taɓa ɗaga murya a kasuwa ba. Na zo da shirin faɗa, na tanadi maganganun da na daɗe ina dafawa.

Sai ya ce, "Baba, don wannan ne? Wallahi ɗauki. Allah Ya jiƙan Alhaji, ya sha faɗa mana cewa Malam Modu bawan Allah ne, ba ruwansa da abin duniya, in ka yi masa zancen kuɗi ma ɓata masa rai za ka yi. Da ka yi magana tun yana da rai, ai da ba haka ba."

Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko kunyar idon jama'a ce. Ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa. Amma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Duk shekarun nan Innarku tana ɗinkin hula har idonta ya raunana don a ɗora tukunya, yayyenka mata aka kai su ɗaki da abin rufin asiri, ashe wai ni ba ruwana da abin duniya. Na tambaye shi iyayen littattafan, ya ce an yi yaƙi a can, maɗaba'ar ma ta tashi, hotunan kawai suka rage. Na kira mai baro ya ɗora kwamfutar, ina biye ina dafe da gilashin kada ya faɗi, lungu-lungu har Madabo, mutane suna tambaya ko Malam ya sayi talabijin. Rigar na bar masa a kan kantarsa.

Kuɗin da Nasiru ya ba ka, riƙe abinka ka yi guzuri. Ladan hannuna ne ya iso a makare.

Kwamfutar tana zaure, a inda nake ajiye kayan tawada, na lulluɓe ta da tsohon zane saboda kaji. Ba za ta bi ka Ikko ba, don na san halinka, haya tana matsa ka za ka sake sayarwa. Ba kuma za ta zauna a lulluɓe ba, don mai kawo aiki in ya zo sau biyu ya tarar ba kowa, ƙafarsa ta koyi wata hanyar ke nan. Wannan na fi kowa saninsa.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka ɗaga tafiyar nan zuwa Asabar ta sama. In kamfanin ba zai iya jiran ka mako guda ba, ka ga matsayinka tun kafin ka shiga mota. Ka dawo gida ka ci tuwon mahaifiyarka. Sannan ka zauna kusa da ni ka koya min.

Kada ka yi dariya. Innarku ta riga ta yi wadda za ta ishe mu, da ta leƙo ta tarar da ni da tabarau ina zagaya akwatin nan ina laluben inda ake kunna shi, ashe ma ba wuta. Bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci yana nan bai gudu ba, Larabci kuwa ba kai za ka koya min ba. Yatsuna sun yi tauri, zan yi nawa, za ka gaji da ni. Ni ma na gaji da kai lokacin da kake karya min alƙaluma, ban kuwa fasa ba. Gemu ba ya hana ilimi. Abin da ya gagare ni in kai wa Inuwa. Na riga na je na ce ya yafe min bakaniken da na kira shi. Ya ce ya manta. Ƙarya yake, bai manta ba, don ina sa takalmi ya ce in zan zo in taho da tsumman goge baƙin mai.

Zan riƙe maka mutanenka har ranar da Turawan nan za su sami wanda ya fi ka araha. Ba baki nake maka ba, Allah Ya sa ni ne maƙaryaci. In ranar ba ta zo ba, alhamdu lillahi, tsoho ya sami abin yi. In ta zo, kada ka tsaya a Ikko kana jin kunyar dawowa, kana zaton za a sake kiranka. Na yi irin wannan jiran a zauren nan, ba wanda ya zo.

Allah Ya yi maka albarka, Bashir, fushina bai hana wannan ba. Allah Ya kai ka lafiya in lokacin ya yi, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya haɗa ka da masu tsoronSa. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka riƙe amanar wanda ya ɗauke ka aiki, ka kuma riƙe bakinka a buɗe inda haƙƙinka yake. Allah Ya sa wa hannunka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Innarku tana gaishe ka, ta ce a faɗa maka miyar kuka za ta yi.

Ka zo da hantsi, lokacin ne suka fi kawo wuta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Modu mai rubutu, Madabo.